Sharhi: Daga Zalika Souley zuwa Ladin Cima, wa ke riƙe 'yar fim idan ta tsufa?

A Madarumfa, da zarar an idar da sallar isha'i za ka tarar da matasa a fada, shayi na kan wuta, an kewaye waya ɗaya ana kallon fim ɗin Hausa. Akasarin fina-finan daga Kano suke, kamar yadda kaya ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa su wuce Maraɗi. Yaro ƙarami zai lissafa maka jaruman Kannywood ba tare da ya numfasa ba. Amma ka ambaci Zalika Souley, da wuya ka samu wanda zai ɗaga kai, alhali tana cikin matan farko da suka riƙi fim a matsayin sana'a a Afirka kudu da Sahara, kuma 'yar Nijar ce.

An haifi Zalika a Yamai a 1947. Tana da shekara 19 Moustapha Alassane ya sa ta a fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier na 1966, labarin wani matashi da ya dawo gida da kayan kaboyi ya raba wa abokansa. Daga nan ta zama jarumar Oumarou Ganda: ta fito a Cabascabo, wanda aka nuna a bikin Cannes na Faransa a 1969, da Le Wazzou polygame, da Saïtane, da L'Exilé na 1980. Le Wazzou polygame ne ya ci babbar kyautar FESPACO ta Wagadugu, Étalon de Yennenga, a 1972, shekarar da aka fara bayar da ita. A wancan zamanin Nijar na sahun gaba a harkar sinima a Afirka, kuma fuskar Zalika ce duniya ke gani.

Sai dai a gida ba ta ji da daɗi ba. Sau da yawa ana ba ta matsayin mace mai zafin kishi ko mai zaman kanta, jama'a kuma suka kasa raba wasa da gaske, har ana zagin ta a titi. Wannan ƙorafi ne da 'yan matan Kannywood ke yi har gobe.

Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981. A shekarun da suka biyo baya kuɗin shirya fim ya ƙafe, gidajen sinima suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da Rahmatou Keïta ta ɗauki fim ɗin tarihin rayuwarta mai suna Al'lèèssi, wanda aka nuna a Cannes a 2005, ta iske Zalika a wani ɗan gida a Yamai da babu wuta babu famfo. Daga baya ta fita ƙasar waje ta yi aikatau. Ta rasu a Yamai ranar 27 ga Yulin 2021. 'Yan uwanmu da ke ci-rani sun fi kowa sanin nauyin wannan labari.

Wani zai ce ai wannan tsohon zance ne. To, a watan Fabrairun 2022 Ladin Cima, wadda ta shafe gomman shekaru tana fitowa a matsayin uwa da kaka, ta shaida wa BBC Hausa cewa abin da ake sallamar ta da shi ba ya wuce naira dubu biyu zuwa biyar, kuma ba ta iya mallakar gida ba. Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi sun musanta, suka ce sun biya ta fiye da haka. Aka yi makonni ana cacar baki a Facebook, aka tara mata taimako, ƙura ta lafa. Amma ko da an yarda da maganar furodusoshin, tambayar na nan: me ya sa sallamar rana ɗaya ce kaɗai hakkin ɗan wasa, alhali fim ɗin zai yi shekaru ana kallon sa a talabijin da YouTube?

A nan ne labarin Fernanda Montenegro ta Brazil ke da amfani. An haife ta a 1929. Tana dab da shekara 70 ta ci kyautar gwarzuwar jaruma a bikin Berlin na 1998 da fim ɗin Central do Brasil, aka kuma sa ta a takarar Oscar a 1999. A 2021 aka zaɓe ta a Majalisar Adabi ta Brazil. Ta haura shekara 90 ta sake fitowa a Ainda Estou Aqui, tare da 'yarta Fernanda Torres, fim ɗin da ya ci Oscar na fina-finan ƙasashen waje a Maris ɗin 2025.

Ba baiwa kaɗai ta kai ta nan ba, domin Zalika ma ba ta rasa baiwa ba. Brazil na da dokar da ta amince da wasan kwaikwayo a matsayin sana'a tun 1978. Akwai gidan kula da tsofaffin 'yan wasa a Rio de Janeiro, Retiro dos Artistas, da aka kafa tun 1918. Sannan marubutansu na rubuta labarin da tsohuwa ce ginshiƙinsa. A namu fina-finan, mace na haura arba'in sai a ɗaura mata ɗankwali, ta fito sau uku ta yi wa ɗanta faɗa kan aure, a sallame ta. Ƙaramin matsayi, ƙaramin kuɗi.

Gyaran ba ya buƙatar mu'ujiza. Na farko, yarjejeniya a rubuce kafin a kunna kyamara, da kaso ga ɗan wasa duk lokacin da aka sake sayar da fim. Na biyu, asusun lafiya da tsufa a ƙarƙashin ƙungiyoyi irin su MOPPAN, maimakon jiran sai an kwanta asibiti a ɗauki bidiyon neman taimako. Ali Nuhu, da ke shugabantar Hukumar Fina-finai ta Najeriya tun 2024, ya san matsalar daga tushe. Na uku, a Nijar akwai hukumar kare hakkin mawallafa ta BNDA da cibiyar sinima ta ƙasa, CNCN. Hakkinsu ne su sa tsofaffin fina-finan Ganda da Alassane su dawo gaban jama'a, kuma iyalan waɗanda suka yi su su amfana.

Mai kallo ma yana da nasa kason. Duk fim ɗin da aka tura maka a waya a kasuwar Madarumfa, mai turawa ya samu na cefane, amma ko dala ba ta isa hannun dattijuwar da ta sa ka dariya ba. Kallo ta tashar mai fim, inda ake lissafa masu kallo a biya shi, ƙaramin abu ne, amma ta nan ake fara samun abin da za a raba. Jarumar da ake yayi yau a fada, nan da shekara talatin ita ce za ta zama uwa a fim, kuma abin da aka tsara yanzu shi za ta tarar.