Zara Matar Wata Ba Gunkin Rumawa Ba Ce



Ranar Asabar da ta wuce an yi suna a wani gida a Maamobi. Liman ya raɗa wa jaririya Zahra'u, an shafa fatiha, ana cikin rabon goro, sai wani saurayi daga dangin uba ya miƙe da waya a hannu ya ce a dakata. Wai ya karanta cewa Zahra ita ce Zuhara, Zuhara kuwa ita ce Venus, gunkin da Rumawa suka bauta wa, don haka an sa wa 'yar Musulmi sunan gunki. Kafin azahar kakar yarinya tana kuka, uba ya rasa ta cewa, har magana ta iso zauren dattijon da nake yi wa aikin rubutu. A can an kashe wutar, amma na ji ana maimaita zancen a Nima, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu fara da Venus ɗin. Kalmar Latin ce, ma'anarta so da sha'awa, kuma masana harsuna suna danganta ta da "vanas" ta Sanskrit, tsohon harshen Indiya, mai nufin sha'awa. Rumawa suka sa wa allahiyarsu ta soyayya wannan suna, suka daidaita ta da Aphrodite ta Girkawa. Julius Kaisar, wanda ya ce daga zuriyarta ya fito, ya gina mata ɗakin bauta a shekara ta 46 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da sunanta suka kira tauraruwar nan mai tsananin haske, wadda mutanen Babila suka riga su dangantawa da Ishtar. Har yau sunan yana nan cikin "vendredi", wato Juma'a a Faransanci, kalmar da 'yan uwanmu na Togo da Burkina Faso suke furtawa kowane mako kafin su tafi masallaci.

Larabawa kuwa da suka dubi wannan tauraruwa, haskenta suka gani. Tushen za, ha, ra a Larabci yana nufin haskakawa da fitar fure. Daga nan Zuhara ta fito, daga nan aka sami Zahra'u, laƙabin Nana Faɗimatu (RA), da Azhar, masallacin Alƙahira da aka aza harsashinsa a 970. Kakanninmu suka aro kalmar suka ce Zara, suka yi mata kirari da matar wata, in ta fito da asuba kuma su ce Gamzaki. Ina Venus a cikin wannan silsila? Abin da ya haɗa sunayen biyu shi ne an kira halitta ɗaya da su, halittar Allah wadda ta riga Rum da gumakanta.

In bautar da wasu suka yi wa abu tana ɓata sunansa a kowane harshe, to mutanen Saba'i sun yi wa rana sujada, Alƙur'ani ya ba mu labari. Shin za mu tafi gida-gida mu canza wa Shamsuddin suna? Saurayin nan kansa yana rubuta Mayu da Yuni a takarda, alhali Maia da Juno su ma allahiyoyin Rumawa ne, kuma a nan kalmar kanta ce ta gangaro. Ban ji ya miƙe a kan wannan ba.

Manzon Allah (SAW) ya canza sunaye, gaskiya ne, amma da ma'ana ya auna. 'Yar Sayyidina Umar ana ce mata Asiya da harafin sadi, wato mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Asiya matar Fir'auna kuwa da sinun ake rubuta ta, kuma tana cikin mafifitan mata. A bakin Bahaushe duk Asiya ne, amma wanda ya zauna gaban malami ya san bambancin. Ko a Hausarmu, zara da ba ta barin dami dabam take da Zara ta sama.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne na tambayi yaron ko ya san Zara matar wata, ya ce bai taɓa ji ba. An haife shi a Zongo, ya san Venus daga waya, bai san sunan da kakarsa take kiran tauraruwar da shi ba, amma ya yi ƙarfin halin yanke hukunci a gaban liman. Laifin namu ne, iyaye, da muka bar Hausar 'ya'yanmu ta tsaya a cinikin koko da ƙosai.

Samari, wanda ya ga shubuha ya kai wa malami a keɓe kafin ranar suna. Iyaye, in magariba ta yi ku fito da yara tsakar gida, ku nuna musu yamma, ku gaya musu sunanta da Hausa.

Allah Ya raya Zahra'u, Ya sa ta haskaka gidansu. Wassalam.