Insulin Kaɗai Ba Ya Wadatar Da Mai Ciwon Sukari

A watan Janairun 1922 likitoci a birnin Toronto na ƙasar Kanada suka yi wa wani yaro mai suna Leonard Thompson, allurar insulin, ya kuma rayu. Kafin wannan lokaci, yaron da ya kamu da ciwon sukari nau'i na ɗaya, wato wanda jikinsa ya daina samar da insulin, da wuya ya ƙara shekara biyu a duniya. Tun daga nan hankalin jama'a ya koma kan kwalbar insulin, aka manta da ƙananan kayan da ke rakiyarta. A ƙasar Hausa kuwa, su ne matsalar yau da kullum.

Babba a cikinsu shi ne tsinken gwaji, wanda ake ɗiga masa jinin yatsa bayan an zura shi cikin na'urar auna sukari. A bakinsa akwai sinadarin inzayim, wanda wasu kamfanoni ke samowa daga wani irin funfuna. Da zarar ya haɗu da sukarin jini sai a sami 'yar wutar lantarki, na'urar ta auna ƙarfinta, ta fitar da lamba cikin daƙiƙa kaɗan. Sau ɗaya ake amfani da tsinke, kuma na wani kamfani ba ya aiki a na'urar wani. Mai nau'i na ɗaya da ke gwaji sau 4 a rana yana bukatar tsinke 120 a wata. Na'urar kuwa sau ɗaya ake saye. Saboda haka mai hannu da shuni da ya raba na'urori a bainar jama'a, bai tanadi tsinkaye ba, fitila ya raba babu kananzir.

Haɗarin rashin gwaji ba ƙarami ba ne. In insulin ya fi abincin da aka ci, sukarin jini yakan faɗi ƙasa da miligiram 70 a kowace desilita. Daga nan sai rawar jiki da gumi da ruɗewa, wani lokaci har da suma. A makarantar kwana ba abin mamaki ba ne a ce ɗaliba iskokai suka buge ta, a shiga neman mai ruƙiyya, alhali abin da take bukata shi ne babban cokali ɗaya na sukari a ruwa, muddin tana iya haɗiyewa. In ta riga ta suma, ba a ɗura mata komai. Asibiti ake nufa. Ya kamata kowane ɗakin shan magani na makaranta ya ajiye na'ura da tsinkaye da sukari, hukumomi kuma su sa tsinken gwaji cikin abin da inshorar lafiya ke biya, daidai da insulin.

Sai batun zafi. Insulin da ba a buɗe ba ana ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyos, ba a kuma bari ya daskare. To, ina firij ga wanda ba shi da lantarki? A 2021 masanan Jami'ar Janiba da ƙungiyar likitoci ta MSF sun nuna cewa insulin da ake amfani da shi bai rasa ƙarfinsa ba har mako 4 a irin zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda zafi ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Duk da haka, zafin bazara a Sakkwato ko Maiduguri yakan haura 40. A nan randa ke da rana. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda malamin nan na Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, tana sanyaya abin da ke ciki saboda ruwan da ke tashi yana tafiya da zafi. Ta fi aiki da rani, lokacin da iska take a bushe. Amma tsinkayen gwaji ba sa shiga tukunyar: danshi yana lalata inzayim ɗinsu, lambar da na'ura za ta bayar ta zama ta ƙarya. Wurinsu shi ne cikin gwangwaninsu, a rufe, a inuwa.