Fitilar inji mai kamawa tana mutuwa: gyaran daga mai moto yake farawa

Sababbin moto masu injeksiyo, waɗanda ba su da karbireta, sun fara yawa a titunan Yamai, Maraɗi da Damagaram. Wasu malamai ne ke hawansu, wasu kuma iyaye ne suka saya wa ƴaƴansu ƴan lise. A allonsu akwai ƴar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji. In an murɗa makulli takan kama ta mutu. Wannan gwajin kanta ne kawai. Damuwar ita ce ta kama ana cikin tafiya, ta mutu da kanta, ta dawo bayan kwana uku. A kai gareji, ta ƙi kamawa, makanike ya ce lafiya lau.

Daga nan sai mutane su kasu biyu. Wasu su liƙe fitilar ko su sa a yanke wayarta don hankali ya kwanta. Wasu su shiga canje-canje: yau buji, gobe batir, jibi famfon esansi, har albashin wata ya tafi, fitila na nan. A ganina duka biyun asara ce. Irin wannan matsala mai ɓuya, mai hawan moton ne babban shaida a kanta, tunda mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo.

Ga dalili. Waɗannan moto suna da ƙwaƙwalwa da ke karɓar saƙo ta waya daga ƙananan na'urori masu auna zafin inji, iskar da ke shiga, buɗewar totur da juyawar inji. Da zarar saƙon ya katse ko ya zo ba daidai ba, sai fitila ta kama. Abin da ya mutu gaba ɗaya yakan sa ta zauna a kunne. Mai zuwa yana tafiya kuwa, sau da yawa mahaɗi ne: kan batir ya saki, wayar mas ta yi tsatsa, ƙura ta shiga soket, ko waya ta goge a wuyan moto inda kan ke juyawa. Gargadar hanyoyinmu, ƙurar hunturu, zafin bazara da ruwan damina kuwa ba su bar mahaɗi ya zauna lafiya.

Don haka kayan aiki na farko littafi ne da biro. Duk lokacin da fitila ta kama, a rubuta: inji na da sanyi ko ya yi zafi? Kan kwalta ne ko hanyar ƙasa? An wanke moton ko ruwa ya dake shi? Ina aka sha esansi, tasha ko kwalbar bakin hanya? Bayan mako guda ko biyu, rubutun zai nuna hanya. In a gargada take kamawa, a nemi waya mai motsi. In bayan wanki ne, a nemi soket mai jiƙewa. In lokacin tayarwa ne, a fara da batir: lafiyayye yakan ba da wajen bolt 12,6 in inji na kashe, tsakanin 13,5 da 14,5 in yana aiki.

A gareji kuma, mu san abin da za mu nema. Ƙwaƙwalwar takan ajiye lambar matsalar ko bayan fitila ta mutu, don haka a karanta ta kafin a cire batir ko a goge komai. A canza abu ɗaya, a gwada kwanaki, sannan a taɓa na biyu. Wanda ya canza uku a rana ɗaya ya biya kuɗin uku, bai kuma san wanne ne mai laifin ba.

Na san malamin da aka tura ƙauye zai ce ina shi ina garejin da ke da na'urar karanta lamba. Gaskiyarsa. Amma ɗaure kan batir, share soket da duba filtar iska ba su buƙatar na'ura. Wasu moto ma da ƙiftawar fitilar suke faɗin lambar, doguwa da gajera. A ƙirga, a duba littafin da ya zo da moton, don ma'anar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Sai dai akwai inda jira ba shi da amfani. Jar fitilar man inji daban take: in ta kama ana tafiya, a tsaya a kashe nan take. Haka in moto na fizga ko yana mutuwa, kada a ba yaro shi. Injin da ya ɗauke a gaban tirela a kan RN1 ba ya jiran a rubuta komai.

Ga malaman fizik na CEG, darasin kewayen lantarki da ake zanawa a allo ga shi nan a fake a ƙofar aji. A nuna wa ɗalibai yadda sakakkiyar waya ke kunna fitila tana kashewa. Iyaye kuma, ranar da za ku miƙa wa yaro makulli, ku haɗa masa da hular kwano da ɗan littafi, ku kuma gaya masa cewa in ya zo da labarin fitila ba zai sha faɗa ba. Yaron da ke tsoron faɗa shi ne mai liƙe ta ya yi shiru.