Mai narka dalma a gida, yaronka ne ke biyan kuɗin harsashin

1/
Jama'a, bidiyon nan na Amurkawa da ke narka dalma a garejin gidajensu suna zuba harsashi ya cika mana waya, kuma na ga samari suna ta yabawa wai fasaha ce. Ni dai ina ƙin abin, kuma zan faɗi dalili. Ku biyo ni a hankali.

2/
Ga yadda abin yake. A Amurka doka ta yarda mutum ya tara kwanson harsashin da aka harba, ya wanke shi, ya sake cika shi don amfanin kansa. Wasu har kan harsashin ma su ke zubawa da kansu. Dalilinsu arha ne, da kuma tsoron ƙarancin kaya irin wanda suka gani a 2020 lokacin korona.

3/
Dalma na narkewa a maki 327 na ma'aunin Selsiyos, zafin da murhu na gida ma yana kaiwa. Wannan sauƙin shi ne masifar. Da narka ta na da wuya, da ta tsaya a masana'anta inda ake auna iska ana gwada jinin ma'aikata.

4/
Za su ce maka: "Ai a wannan zafin hayaƙinta kaɗan ne, kuma a waje nake yi." To, mun ji. Amma ƙurar fa? Dattin da ake kwashewa a saman tukunya, da garin da ke tashi wajen goge kwanso, duk suna maƙalewa a riga, a takalmi, a ƙasan farce. Da su za ka shiga ɗaki.

5/
A ɗakin nan akwai mai rarrafe, wanda komai ya taɓa sai ya kai baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro na tsotse dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 fiye da na babba, kuma babu wani adadinta a jini da za a ce ba ya cutarwa.

6/
Ba ta zuwa da ihu. Tana taɓa ƙwaƙwalwa shiru, yaro ya taso ba ya riƙe karatu, a yi ta zaginsa da daƙiƙanci. Tana kwanciya a ƙashi shekara da shekaru, in mace ta samu ciki ta dawo jini ta isa ga jariri.

7/
Mu kam bai kamata a yi mana dogon bayani ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da 'Yargalma. Me ya jawo? An shigo da dutsen zinare mai dalma cikin gida ana daka ana niƙa, inda yara ke wasa.

8/
Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa kafin likitocin MSF su iya yi wa yaran magani yadda ya kamata. A 2015 abin ya sake faruwa a Rafi ta jihar Neja. Can dutse ne, nan tukunya ce, amma kuskuren ɗaya: an kawo aikin dalma inda iyali ke kwana.

9/
Kuma kada mu nuna Amurkawa da yatsa mu manta da namu. Mafaraucin da ke fasa tsohon batirin mota ya narka dalmarsa a tsakar gida don ɗura bindigar gargajiya, kusa da inda ake tuƙa tuwo, abu ɗaya yake yi, ba ma safar hannu.

10/
Bayan an harba ma ba a gama ba. Harsashin dalma na tarwatsewa a cikin nama, mai ci ya ci. Babbar ungulun Kalifoniya saura 27 ta rage a 1987, kuma dalmar da take ci a mushe na cikin manyan abin da ke kashe ta. Shi ya sa tun Yulin 2019 jihar ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya.

11/
Amurka kanta ta hana harbin agwagin ruwa da dalma tun 1991. An cire ta daga fentin gidaje a 1978. Fetur mai dalma ya ƙare a duniya a 2021, Aljeriya ce ta ƙarshe. Duk wannan wahalar aka sha don a raba ta da gida, kai kuma ka ɗauko ta da hannunka.

12/
Masu cewa "'yancina ne, jikina ne", a'a Malam. Da jikinka kaɗai ne da ban ce uffan ba. Matarka mai ciki ba ta zaɓa ba, ɗanka bai zaɓa ba. Kai ka rage kuɗin harsashi, su suka biya cikon.

13/
Don Allah, in kana da ɗan'uwa mai narka dalma a gida, maharbi ne ko mai fasa batir, ka gaya masa ya fitar da aikin daga gidan, ya bar kayan aikin can, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro. In an daɗe ana yi, a kai yaran asibiti a gwada jininsu.