A Bar Yaran Fagge da Sabon Gari Su Hau Dala Tare

Titi ne kawai ya raba Fagge da Sabon Gari, ƙaramar hukumarsu ma ɗaya ce. Iyaye suna ciniki da juna a Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari tun hantsi har magariba, amma ɗan sakandare a Fagge sai ya gama aji shida bai taɓa sa hannu a kwano ɗaya da ɗan Ibo ko Bayarabe na tsallaken titi ba. Tun da Turawan mulki suka keɓe Sabon Gari don baƙin da jirgin ƙasa ya kawo, wajajen 1913, ake gadon wannan zaman na gaisuwa daga nesa. Abin yana damuna.

Roƙona ga shugabannin makarantun unguwannin biyu shi ne su gauraya ɗalibansu goma-goma, su sa su taka da ƙafa. Su shiga birni ta Ƙofar Mata, su tsaya bakin marina su ga yadda hannun marini ya rine da baba har gwiwar hannu, su ratsa Kurmi, kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, su hau Dutsen Dala, su fito ta Ƙofar Mazugal. Ba kuɗin mota, ba kwana a waje. 'Yan mata su yi tasu tafiyar da malamansu mata.

Shugabancin da yaranmu suka sani a makaranta shi ne na monita mai bulala da takardar rubuta sunan masu surutu. A hanya bulala ba ta da amfani. Jagoran tafiya shi ne mai raba ruwan jarka ɗaya ga mutum goma, shi kuma ya sha a ƙarshe. Shi ke ƙirga kawuna a kowace kwana. Idan silifas ɗin wani ya tsinke a tsakiyar hawa, ko numfashi ya ƙwace masa ya zauna yana haki, jagora ne zai tsayar da masu gaggawa, ya ce ba mai gaba sai da shi. Yaron da ya jira Chinedu ko Musa a kan dutse, da wuya gobe wani ɗan siyasa ya ba shi gora ya tura shi gidansu.

Irin wannan horo ba baƙon abu ba ne. Cibiyar horon Man O' War ta fara tun 1951, kuma har yau tana da sansani a duwatsun Shere da ke Jos. Sai dai yara nawa ne a Fagge iyayensu za su iya biyan kuɗin zuwa can?

Uban da ya hana ɗansa shiga dajin Falgore a wannan zamani yana da gaskiya, ba na musu da shi. Amma Dala a cikin gari take, ana hango ta daga unguwanni da dama. Malamai biyu, Asabar ɗaya a lokacin hunturu kafin rana ta yi zafi, da buhunan da yaran za su kwashe ledojin da suka cika gindin dutsen in sun sauko, sun wadatar a fara.