A KAI YARA SU GA DUWATSUN ADAMAWA

Babban hutu na damina shi ne lokacin da malamai su ke samun sarari. Sabo da haka muna so mu jawo hankalinsu, su da akawunan hukuma, ga wata tafiya wadda mota ɗaya da guzurin mako guda sun ishe ta, watau a tashi daga Yola a bi gindin duwatsun iyaka har Sukur. Dalilinmu kuwa shi ne, yaranmu da yawa sun haddace sunayen 'yan ƙwallon Ingila, amma in ka tambaye su yadda aka yi Mubi ta shigo Nijeriya sai su yi tsuru-tsuru. Laifin ba nasu ba ne, gama ba a kai su sun gani ba.

A fara da Gurin, a bakin kogin Faro, daf da iyakar Kamaru. Nan Modibbo Adama ya zauna bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu, kafin ya kafa Yola cikin 1841. Wanda ya tsaya a Gurin ya dubi ƙetare zai gane abin da Turawa suka yi cikin 1893, sa'ad da Ingila da Jamus suka raba ƙasar Lamiɗo a kan takarda. Yola ta faɗa rabon Ingila, mafi yawan ƙasar kuwa ta tafi ga Jamus. Cikin 1901 aka ci Yola da yaƙi, Lamiɗo Zubairu ya fita, bai sake komowa ba.

Daga nan sai a juyo a yi arewa, a bi ta Song da Gombi da Hong har Mubi. Wannan gari ya zauna ƙarƙashin Jamus, sa'an nan bayan Yaƙin Duniya na Farko aka danƙa shi amana ga Ingila. Cikin watan Fabrairu na 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka jefa ƙuri'a, mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi Nijeriya. Ran 1 ga Yuni suka shigo, aka kira ƙasarsu Lardin Sardauna, Mubi ce babban garinsa. Tsofaffin da suka ga wannan rana da idonsu sun yi ƙaranci yanzu. Malamin da ya sami ɗaya daga cikinsu, lalle ya zaunar da yara gabansa, ya kuma rubuta abin da ya faɗa.

Ƙarshen tafiya Sukur, cikin duwatsun Mandara, a ƙasar Madagali. Nan mota ta kan tsaya a ƙasa, a hau da ƙafa bisa hanyar da mutanen dā suka shimfiɗe da duwatsu. A sama akwai gidan sarkinsu, wanda su ke kira Hidi, da gonaki hawa-hawa waɗanda aka tokare da dutse don kada ruwa ya kwashe ƙasa, da wuraren da aka riƙa narka tama a dā. Cikin 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin kayan tarihi na duniya, shi ne kuwa wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan daraja.

Amma fa kada malami ya ɓoye wa yara ɗacin labarin. Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya bar littafin da aka riƙa rubuta masa al'amuransa daga 1912 zuwa 1927, cikinsa har da hare-haren da ya kai wa mutanen duwatsu da yawan bayin da aka kamo. Cikin 2014 kuma 'yan Boko Haram suka hau Sukur suka ƙone gidaje. Jikokin mahara da jikokin waɗanda aka kai wa hari yau aji ɗaya su ke zaune, kuma zumuncin da aka gina bisa gaskiya ya fi daɗewa.

Ga akawunan hukuma kuwa, roƙonmu kaɗan ne. Sa'ad da a ke tsara kasafin shekara, a tuna da allon bayani a kowane wuri, da ɗan albashin mai gadi, da gyaran kwalbati kafin ruwa ya sauka. A hana masu gini kwasar duwatsun kufai, gama abin da aka kwashe ba ya komowa.

Har wa yau, kada kowa ya wuce Michika da 'ya'yan mutane sai ya tambayi hukuma lafiyar hanya. In an ce a dakata, a tsaya a Mubi, ba a yi hasara ba. Gani dai ya kori ji. Allah ya kiyaye hanya, amin.