Sharhi: Madatsar Tiga ta haura shekara 50, bangonta na bukatar dubawa

Wanda ya je shan iska bakin tafkin Tiga, a kudancin jihar Kano, ruwa yake gani shimfiɗe da kwale-kwalen masunta. Ba kasafai yake tuna cewa tulin ƙasa da aka daddanne ne ke riƙe da wannan ruwa ba, aikin da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako.

Irin wannan bango daga ciki yake lalacewa. Ruwa na tsiyaya ta jikinsa sannu a hankali yana kwashe ƙasa, saiwoyin itatuwa da gidajen gara kuma suna buɗe masa hanya. Madatsar Bagauda da ke maƙwabtaka, wadda ita ma aka gina wa otal a bakin tafki, ta ɓalle a Agustan 1988. Ruwan Alau ya mamaye Maiduguri a Satumban 2024.

Farfaɗo da yawon buɗe ido a Tiga abu ne mai kyau, sai dai duba lafiyar bangon ya riga shi. Ya dace Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, mai kula da madatsar, ta riƙa bayyana wa jama'a sakamakon bincikenta, domin manoman Kura da Kadawa a ƙasan ruwan suke kwana.